SHIN KEBUL MAI TSADA YANA ƘARA WA KARATU DAƊI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk shekara idan watan Sha'aban ya kama, kwamitocin masallatai sukan tashi tsaye kan maganar kayan sauti. A kai amfilifaya gyara, a sauya makirufon liman, a nemo kyamara, domin yanzu kusan kowane masallaci yana son a haska tafsirinsa kai tsaye a Facebook. A takardar lissafin da mai haɗa kayan yake kawowa akwai wani layi da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, wato kuɗin kebul. Lasifika kowa ya san ta, miksa ma ana iya tura yaro Sabon Gari ya tambayo farashi. Amma da an zo kan kebul sai a ce ai injiniya ya fi mu sani. Shi kuma ya ce akwai na 3,000, akwai na 40,000, na 40,000 ɗin bakinsa zinare ne, muryar Malam za ta fita tas, hoton ma har gashin gemu za a iya ƙirgawa. Sai wani dattijo ya gyara murya ya ce, "Ɗakin Allah ne fa, a sayi mai tsadar." Shi ke nan an wuce wurin.

Niyyar wannan dattijo kyakkyawa ce, Allah ya saka masa. Amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da ɓarnar dukiya ibada. Kuma ba za mu iya cewa ɓarna ce ko ba ɓarna ba ce sai mun san abin da kebul ɗin yake yi, domin ƙa'ida ce a wurin malamai cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci haƙiƙaninsa. Saboda haka ku yi haƙuri da ni, yau za mu ɗan shiga shagon masu gyaran rediyo kafin mu dawo zaure.

Kebul iri biyu ne a wannan harka. Akwai wanda yake ɗaukar saƙo a matsayin lambobi, kamar HDMI, wannan mai faffaɗan baki da ake haɗa dikoda da talabijin ko kyamara da kwamfuta da shi. Tun shekarar 2002 aka fitar da tsarinsa. Abin da yake bi ta cikinsa jerin sifili da ɗaya ne, na'urar da ke ɗaya gefen ita take mayar da su hoto da murya. Misalinsa kamar a turo maka kuɗi ta banki ne. Idan an turo 5,000, to 5,000 za ka gani, ko wayar mai turowa ta miliyan ce ko 'yar rakani-masallaci ce. Tsadar wayarsa ba za ta mayar da kuɗin 6,000 ba. Haka kebul ɗin HDMI: idan lambobin sun isa lafiya, hoton da za ka gani shi ne dai hoton, babu wani kebul da zai ƙara wa ja ja ko ya ƙara wa fari haske. Idan kuma ba su isa ba, ba sai an kira masani ya gaya maka ba. Za ka ga farin ɗige-ɗige suna walƙiya a fuskar talabijin, ko hoton ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko allon ya yi baƙi ƙirin. Duk wanda ya ce maka kebul ɗinsa na HDMI yana sa launi ya fi zurfi ko murya ta fi zaƙi, ko dai bai sani ba, ko kuma ya sani yana so ya ci kuɗinka.

Abin da ya bambanta wani HDMI da wani shi ne yawan saƙon da zai iya ɗauka a daƙiƙa ɗaya da kuma nisan da zai iya kai shi. Tsarin da aka fitar a 2013 yana ɗaukar gigabit 18, wanda aka fitar a 2017 yana ɗaukar 48. Wannan na biyun masu manyan talabijin na 8K da masu wasannin kwamfuta ne suke buƙatarsa. Kyamarar da ake haska tafsiri da ita a Facebook ko kusa ba ta cika na farkon ba. Maganar nisa kuwa gaskiya ce: idan an wuce kamar mita 10 zuwa 15, HDMI na gama-gari yakan fara ba da matsala. A nan mai sana'a na gaskiya zai ce a sayi mai zaren gilashi a ciki, ko a koma wani tsari da gidajen talabijin suke amfani da shi mai suna SDI, wanda yake iya kai kusan mita 100. Ka ga wannan ƙarin kuɗi ne mai dalili, ana iya auna shi da igiyar awo.

Iri na biyu shi ne wanda yake ɗaukar muryar kanta a matsayin ƙarfin lantarki mai hawa da sauka, kamar kebul ɗin makirufo da wayar lasifika. Wannan ya fi kama da yarinyar da ta ɗauko ruwa a buɗaɗɗen kwano daga rijiya: yana iya zuba a hanya, ƙura tana iya faɗawa ciki. A nan ingancin kebul yana da tasiri, babu musu. Lantarkin da makirufo yake fitarwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, idan aka ja shi mita 20 a cikin kebul marar kariya, zai kwaso gurnanin janareta da na fanka, wani lokaci har tashar rediyo za ka ji tana magana ƙasa-ƙasa a bayan liman. Da yawanku kun taɓa jin haka a masallatan unguwa. Maganinsa shi ne kebul mai baki uku da ake kira XLR. Wayoyi biyu ne a cikinsa suke ɗaukar muryar, ɗaya a juye, da raga ta ƙarfe da ta lulluɓe su. Hayaniyar da ta shiga a hanya takan shiga duka biyun daidai wa daida, idan sun isa miksa sai a haɗa su ta yadda hayaniyar za ta kashe kanta, murya ta rage. Hikima ce mai kyau, kuma ba ta da tsadar a-zo-a-gani. Wayar lasifika ita kuma kauri take so da jan ƙarfe na gaske. Idan nisan ya yi yawa wayar ta yi siriri, wani ɓangare na ƙarfin amfilifaya a hanya zai ƙare. Waya mai kaurin 1.5 ko 2.5, irin wadda masu wayarin suka sani, tana biyan buƙatar yawancin masallatai. Lasifikokin kan hasumiya kuwa galibi akan haɗa su da tsarin volt 100, wanda dama an ƙirƙiro shi ne domin a iya jan waya mai nisa ba tare da asara mai yawa ba.

To zinaren fa? Wannan shi ne abin da ya fi rinjayar mutanenmu, domin da an ce zinare zuciya ta riga ta sallama. Gaskiyar magana, a wajen gudanar da lantarki azurfa ce a gaba, jan ƙarfe yana biye da ita dab da dab, zinare yana bayansu. Amfanin zinare guda ɗaya ne, ba ya tsatsa. Shi ya sa ake shafa shi a bakin kebul, shafe kuma mai sirantar da ido ba ya iya auna shi, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai kebul masu araha da yawa da suke da wannan shafen. Sannan ka buɗe cikin lasifikar da kanta, za ka tarar da naɗin siririyar waya mai tsawon mita da yawa, ta jan ƙarfe na gama-gari, kuma ta nan muryar take bi kafin ta fito. Me mita 2 na kebul mai tsada zai gyara a tafiyar da duk sauranta a kan waya ta yau da kullum aka yi?

Wani zai ce, Malam, ni fa na saya, kuma wallahi na ji bambanci da kunnena. Ba na ƙaryata ka, kuma ba sai ka rantse ba. Ka ji bambancin. Abin tambaya shi ne daga ina ya zo, daga kebul ko daga zuciyarka? A shekarar 2008 wasu masu bincike a Amurka sun wallafa wani gwaji da suka yi wa mutum 82. Sun ba su ƙwayar da ba ta ɗauke da magani ko kaɗan, suka ce sabon maganin ciwo ne. Rabinsu aka gaya musu kowace ƙwaya dala 2 da rabi ce, rabin kuma aka ce an karya farashinta zuwa santi 10. Aka jona musu ɗan lantarki mai zafi a hannu kafin sha da bayan sha. Cikin waɗanda suka zaci mai tsada suka sha, kashi 85 cikin 100 suka ce zafin ya ragu. Cikin masu arahar kashi 61 ne kawai. Ƙwaya ɗaya ce, kuma dukkansu ba ƙarya suke yi ba. Farashin ne ya shiga jikinsu. Idan tsada tana iya rage wa mutum zafin da yake ji a fatarsa, ƙara wa ƙira'a zaƙi a kunnensa ai ƙaramin aiki ne.

A ƙasashen Turawa wannan ciwo ya yi nisa fiye da namu. Akwai masu sayen wayar lasifika da kuɗin da zai sayi mota. A 2007 wani mutum mai suna James Randi, wanda ya yi suna wajen tona asirin bokaye da masu da'awar abubuwan al'ajabi, ya sa dala miliyan 1 ga duk wanda zai iya bambance wata wayar lasifika ta dala 7,250 da ta gama-gari da kunnensa kawai, ba tare da ya ga wadda aka jona ba. Wani marubuci a harkar kayan sauti ya amsa, aka yi ta ja-in-ja kan sharuɗɗa, a ƙarshe gwajin bai yiwu ba. Mutumin nan ba mai addini ba ne, amma sharaɗin da ya kafa sharaɗi ne na hankali: a rufe maka ido, sannan ka faɗa. Shari'armu ma ba ta karɓar shaidar wanda yake da wata maslaha a cikin abin da yake shaida a kai. Wanda ya riga ya biya 40,000 yana da maslaha a cikin a ce kebul ɗin ya fi, domin babu mai son a ce an yi masa wayo.

Mu dawo zaure.

Idan kuɗinka ne na kanka, halak ɗinka, ka sauke nauyin iyalinka, ba ka da bashin kowa a wuya, sannan ka ga kebul mai kyan saƙa da ƙarfin baki ka saya domin yana burge ka ko domin zai daɗe, ba ni da hurumin ce maka ka yi haram. Musulunci bai yi gaba da abu mai kyau ba. A Sahihu Muslim, lokacin da Annabi Sallallahu alaihi wa sallam ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani ya tambaya game da mutumin da yake son tufarsa da takalminsa su yi kyau, sai aka bayyana masa cewa wannan ba ya cikin girman kai, girman kai yana cikin ƙin gaskiya da raina mutane. Imamu Malik ma an san shi da sa tufafi masu daraja. Sai dai akwai bambanci tsakanin Imamu Malik da mai sayen kebul na 40,000. Shi ya biya kuɗin kyan tufa kuma ya sami kyan tufa. Kai kuwa ka biya kuɗin kyan hoto ba ka sami ƙarin kyan hoto ba. Wannan ya fi kusa da tozarta dukiya, wanda hadisin Mugira ɗan Shu'uba da ke cikin Bukhari da Muslim ya lissafa cikin abubuwa uku da Allah yake ƙi gare mu. Kuma kowa ya binciki zuciyarsa: sau nawa muke sayen abu domin idan baƙo ya shigo falo mu sami abin faɗa? "Wannan daga Dubai aka kawo min." Kebul yana bayan talabijin, ba mai ganinsa, amma sai an san yadda aka yi aka ambaci farashinsa. Idan har bayan an nuna maka hujja ka ce kai dai kunnenka ya fi na kowa, talakawa ne ba sa jin bambancin, to ka duba da kyau, abubuwa biyun nan da hadisin ya kira girman kai sun haɗu a wuri ɗaya.

Kuɗin masallaci kuwa hukuncinsa daban ne, kuma a nan ne nake so 'yan kwamiti su buɗe kunne. Wannan kuɗi akwai 100 ɗin mai turin baro a ciki, akwai 200 ɗin tsohuwar da take sayar da ƙuli. Ɗan kwamiti wakili ne, ba mai dukiya ba ne. Abin da aka sawwaƙe wa mutum a dukiyarsa ba a sawwaƙe wa wakili ba. Malaman fiƙihu sun tsananta a kan wakili da wasiyyin maraya: idan suka saya da tsadar da ta wuce abin da mutane suka saba yafe wa juna, ba a zartar da cinikin a kan mai dukiyar. An ruwaito cewa Umar ɗan Abdul'aziz yakan kashe fitilar baitulmali idan hira ta koma kan sha'anin gidansa. Man fitila fa ke nan. Kalmar "ɗakin Allah ne" hujja ce ta a ƙara taka-tsantsan, amma mu mun mayar da ita hujjar a saki hannu. Rarar 37,000 da aka zuba a bakin zinare za ta iya biyan wani abu daga alawus ɗin ladanin da yake bin masallacin wata 3, ko ta gyara famfon alwala.

Abin takaici ma, sau da yawa matsalar sautin masallacin ba daga kebul take ba. Bango siminti, ƙasa tayil, sama ƙubba, murya tana bugun nan tana dawowa can. An jera lasifika suna kallon makirufo, dole ta yi ta kuka. An murɗe amsa-kuwwa har ƙarshe saboda ana son a yi kama da Harami, sai ayar farko ta hau kan ta biyu, mamu ba ya fahimtar komai. Sauya wa lasifika wuri da rage murɗi kyauta ne, ko sisi ba a biya. Kuma tun da maganar ta zo: rage ƙarar lasifikar waje a tsakiyar dare saboda marar lafiya da jariri da ke maƙwabtaka ya fi duk wani kebul kusa da abin da addini ya nema.

Sai ku 'yan'uwana masu shaguna da masu haɗa kayan sauti, daga Alaba har Sabon Gari. Riba halak ce, Shari'a ba ta yanka muku iyakarta ba. Ka sayar da kebul ɗinka yadda kasuwa ta ba ka. Abin da aka hana shi ne ka jingina masa siffar da ba shi da ita. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san matsayin algus da yaudara da ɓoye aibi. Manzon Allah Sallallahu alaihi wa sallam ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai algus. Wancan ya ɓoye aibin da yake akwai. Mai cewa kebul yana ƙara hasken hoto ya ƙirƙiro falalar da babu. Duka biyun cin kuɗin mutum ne a kan abin da da ya sani da bai biya ba. Ya fi muni idan mai sayen ya sallama maka, ya ce, "Ni ban san kan abin nan ba, ka zaɓa min." A mazhabar Malikiyya, wanda ya saya da tsada da saninsa ba shi da ta cewa, amma wanda ya bayyana jahilcinsa ya dogara da amanarka, idan ka cuce shi yana da haƙƙin mayar da kaya. Mafi yawan masu sayen kebul irin wannan mutumin ne.

Kai kuma injiniya da kwamiti ya aika, idan mai shago ya ware maka wani abu saboda ka kawo masa ciniki, kuma wannan abin ne ya sa ka zaɓi mai tsadar, ka tuna ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani kaso da sunan kyautar da aka yi masa. An tambaye shi me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta zo. Ka faɗi kuɗin aikinka a fili, ka tsuga yadda kake ganin ya dace da gwanintarka, a yi ciniki. Wannan ya fi maka tsarki fiye da ka ɓoye ladanka a cikin farashin waya.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ruga ya kwaso mafi araha a kasuwa ya ce Malam ne ya ce. Araha ba ta ado. Kasuwa cike take da waya jabu: alminiyam ne a ciki aka yi masa shafen jan ƙarfe, idan ka kankare da wuƙa sai ka ga fari. Alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba wajen gudanar da lantarki, ga saurin karyewa. Akwai wadda roba ce ta yi kauri, zaren cikin bai fi gashi 7 ba. Kebul ɗin makirufon da ake naɗewa ana warwarewa sau 5 a yini, yara suna takawa, idan bakinsa na banza ne ba zai ga ƙarshen Ramadan ba, sai a sayi wani, a sake sayen wani. Wannan ma tozarta dukiya ne, ta ƙofar rowa ya shigo kawai. Siffar bayin Allah da aka ambata a ƙarshen Suratul Furƙan ita ce tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, kuma tsakiyar a nan a bayyane take: a biya kuɗin jan ƙarfe na gaske, kauri daidai da nisa, raga mai kyau, baki mai ƙarfi da aka like da dalma yadda ya kamata.

Idan kwamiti ya rabu biyu, ba sai an yi ta musu ba. A karɓo kebul ɗin biyu da sharaɗin za a mayar da ɗaya, wannan sharaɗi ne da Shari'a ta yarda da shi. A sa karatu ɗaya, a bar murɗin ƙara a wuri ɗaya kada a taɓa, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Mutum ɗaya ya tsaya bayan labule yana sauyawa sau 10 yana rubutawa, ba tare da ya ce uffan ba, sauran su zauna a sahu kowa ya rubuta wanda yake zaton an jona. Wanda ya dace sau 5 ko 6 bai nuna komai ba, ko kunnensa a toshe yake canke zai iya ba shi haka. Idan an sami masu dacewa sau 9 ko 10, a saya, kuma a rubuta dalilin a littafin masallaci. Idan ba a samu ba, a mayar wa mai shago kayansa kafin la'asar.

Wallahu a'alam.